Edgar Codd: Masanin lissafin da kamfaninsa ya yi jinkirin gaskatawa

A ƙarshen shekarun 1960, mai son ciro bayani daga kwamfutar babban kamfani sai ya san hanyar da za a bi a cikin ma'ajiyar kafin a kai gare shi. Da zarar an sauya tsarin ajiyar kuwa, sai a koma ana gyara manhajojin da suka dogara da shi ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya samo maganin wannan wahala shi ne Edgar Frank Codd.

An haife shi ranar 19 ga Agustan 1923 a tsibirin Portland da ke kudancin Ingila. Ya karanci lissafi da kimiyyar sinadarai a Jami'ar Oxford, ya kuma tuƙa jiragen sojin saman Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1948 ya ƙaura zuwa Amurka, ya kama aiki da kamfanin IBM. A 1953 ya tsallaka Kanada saboda takaicin farautar waɗanda ake zargi da gurguzu, wadda Sanata Joseph McCarthy ya jagoranta. Bayan dawowarsa ya samu digirin digirgir a Jami'ar Michigan a 1965.

A cibiyar binciken IBM da ke San Jose a Kalifoniya ya rubuta maƙalar da ta fito da sunansa, wadda aka buga a watan Yunin 1970. Shawararsa ita ce a zuba bayanai cikin jadawalai, a danganta wannan jadawali da wancan ta abin da suka yi tarayya a kai, kamar lambar asusu. Mai tambaya ya faɗi abin da yake so kawai, kwamfuta ta nemo hanya da kanta. Ya kuma shimfiɗa ƙa'idojin da ke hana maimaita bayani: idan adireshin abokin hulɗar banki yana rubuce a wurare biyar, wata rana za a gyara huɗu a mance ɗaya, rumbun ya riƙa ƙaryata kansa.

IBM bai yi rawar jiki ba, domin yana samun kuɗi da tsohon tsarinsa mai suna IMS. Masu suka kuma suka dage cewa tsarin Codd zai yi nawa, kuma a lokacin suna da hujja: haɗa manyan jadawalai biyu aiki ne mai cin lokaci ga kwamfutocin zamanin. A 1974 aka yi muhawara a kan batun tsakaninsa da Charles Bachman, jagoran tsohuwar hanya.

Wasu ne suka amsa wannan suka a aikace. A gwajin System R na IBM, wanda ba a damƙa wa Codd jagorancinsa ba, Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka tsara harshen da ya zama SQL. A 1979 Patricia Selinger da abokan aikinta suka bayyana yadda manhaja za ta auna hanyoyin amsa tambaya, ta zaɓi mafi sauƙi. A nan ne amfanin tunanin Codd ya fito fili. Har yau, idan rumbu ya fara jan ƙafa, mai kula da shi yakan ƙara fihirisa ko ya sabunta ƙididdigar da manhajar ke dogara da ita, amsa ta zo da sauri ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya na tambayar ba.

Jinkirin IBM ya yi wa wasu rana. Kamfanin Larry Ellison ya fitar da Oracle kasuwa a 1979, IBM bai kawo DB2 ba sai 1983.

Codd ya karɓi lambar yabo ta Turing a 1981, amma bai gamsu da SQL ba, musamman yadda ya yarda layi ɗaya ya maimaitu a jadawali. A 1985 ya wallafa ƙa'idojinsa 12, waɗanda a gaskiya 13 ne tunda daga sifili ya fara ƙirga, don tona asirin masu sayar da tsohon kaya da sabon suna. Ya rasu ranar 18 ga Afrilun 2003 a Florida yana da shekara 79.