Marigayi Malam Aminu Kano: Jagoran Talakawa Da Gwagwarmayar Jam'iyyu

An haifi Malam Aminu ran 9 ga watan Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, a gidan Malam Yusufu, ɗaya daga cikin malaman shari'a na zuriyar Fulanin Genawa. Ya fara da karatun allo a gida, sa'an nan ya shiga makarantar Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, ya ƙare a Kwalejin Kaduna cikin 1942. Daga nan aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauci, inda ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma ƙulla abota da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya fi kowa tasiri a kan tunaninsa. A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilmin koyarwa. Da ya komo sai ya kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa, ba da jimawa ba kuwa aka ɗauke shi aka kai shi makarantar horon malamai ta Maru a Lardin Sakkwato. Mutane da dama sun ɗauki wannan canjin wurin aiki a kan dabara ce ta nisanta shi daga taron jama'a.

Yana can Maru aka kafa jam'iyyar da sunansa ya haɗe da ita har abada. Ran 8 ga Agusta, 1950, waɗansu samari takwas suka taru a Sabon Gari suka kafa NEPU. A cikinsu akwai Bello Ijumu, da Abba Maiƙwaru, da Mudi Sipikin, da Magaji Ɗambatta. Ba banza ba aka haifi jam'iyyar a bayan ganuwa. A cikin birni idon dogari da na mai unguwa yana kan kowa, amma Fagge tun zamanin ayari masaukin baƙi ce, cike da teloli da direbobi da 'yan koli da yaran kanti, mutanen da abincinsu ba a hannun En'e yake ba. Sabon Gari kuwa, wadda ta tsiro bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, a nan jaridun Ikko suke sauka, a nan kuma ake buga jaridar Comet ta Dokta Azikiwe. Malam Aminu ya ajiye aikin gwamnati kafin ƙarshen wannan shekara ya komo gida, a 1953 kuwa aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar.

Darasi na farko da ya koya game da zaɓe mai ɗaci ne. Zaɓen 1951 na hawa-hawa ne, watau masu biyan haraji su zaɓi wakilan unguwa, waɗannan su zaɓi na gaba da su, haka har a kai majalisar ƙarshe ta lardi, wadda ita ce za ta fid da masu tafiya Kaduna. A matakan ƙasa NEPU ta ba kowa mamaki a Kano. Amma fa doka ta ba En'e ikon ƙara mutanenta, kashi goma cikin ɗari, a matakin ƙarshe, sauran wakilan kuma galibinsu hakimai ne da ma'aikatanta. Da aka tashi, ko kujera ɗaya NEPU ba ta samu ba. Ɗaliban siyasa sun san cewa har yau Amurka ma ta hannun wakilai 538 take zaɓen shugabanta, abin da ya sa a 2000 da 2016 wanda ya fi ƙarancin ƙuri'un jama'a shi ya hau mulki, jam'iyyun ƙasar kuma ba su daina jayayya a kan tsarin ba. Bambancin shi ne, a can ba wata hukuma da take cusa nata wakilan bayan an jefa ƙuri'a. Tun daga lokacin Malam Aminu ya sa neman zaɓe na kai tsaye, da ƙuri'ar asiri, da 'yancin mata na yin zaɓe, a sahun gaba na buƙatunsa.

Cikin watan Maris na 1953 Anthony Enahoro ya kawo batu a Majalisar Wakilai cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardauna da wakilan NPC suka ƙi yarda da tsai da shekara, jama'ar Ikko suka yi musu ihu, suka komo gida ransu a ɓace. Ana cikin haka sai jam'iyyar Action Group ta shirya rangadin Arewa a ƙarƙashin Cif Akintola, aka sa ranar taro a Sabon Gari. Hukuma ta soke taron, amma ran Asabar 16 ga Mayu faɗa ya ɓarke, ya kwana huɗu ana yi, filin da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari ya zama fagen fama. Ƙididdigar gwamnati ta ce mutum 36 sun mutu, 241 sun ji rauni. Abin takaici, yawancin waɗanda abin ya rutsa da su talakawan Hausawa ne da Ibo 'yan kasuwa, waɗanda ba su kawo batun ba, ba su kuma yi ihun ba. NEPU ta goyi bayan mulkin kai da wuri, saboda haka abokan hamayya suka sami sandar dukanta, suka riƙa cewa 'yar koren mutanen Kudu ce. Wannan tambari ya bi ta shekara da shekaru, musamman da yake ƙawancenta da NCNC bai ɓoyu ga kowa ba.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi tsanani. Siyasa ta raba unguwanni da masallatai, ta kashe aure, ta hana gaisuwa tsakanin wa da ƙane. Mai kiran Sawaba da mai kiran Salama ba sa zama inuwa ɗaya. Aka sami ƙungiyar 'yan Mahaukata masu bin 'yan NEPU da duka, su kuma matasan NEPU ba su zauna hannu rabbana ba. Makamin da ya fi cutar da jam'iyyar shi ne kotun alƙali da 'yan dokar En'e. Mai son yin lacca sai ya nemi izini wurin hukumar da zai soka, in ya ambaci sunan sarki ko hakimi a kan dandali kuwa, sai a tuhume shi da zagi, a ɗaure. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri sau da yawa ta wannan hanya. Shi kansa Malam Aminu ya faɗi zaɓen tarayya na 1954 a hannun Maitama Sule, ya sake faɗuwa a zaɓen Jihar Arewa na 1956 a hannun Alhaji Ahmadu Ɗantata. Sai a 1959 ya ci mazaɓar Kano ta Gabas, NEPU ta tashi da kujeru takwas.

Nan ma wani abin mamaki ya auku. NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, sai ga Malam Aminu yana mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a Ikko, alhali a gida ana tsare magoya bayansa. Masu suka sun ce ya yi sassauci, kuma maganarsu ba ta rasa makama ba, don kuwa ƙarfin NEPU ya ragu ƙwarai a waɗannan shekaru. Ya rasa kujerarsa a zaɓen 1964, soja suka karɓi mulki a 1966 suka rushe jam'iyyu duka. Janar Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na Tarayya a 1967, daga baya ya koma ma'aikatar lafiya har 1974.

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, ƙasar ta ajiye tsarin firayim minista irin na Ingila ta ɗauko na shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, da gwamnoni zaɓaɓɓu da Majalisar Dattawa. Malam Aminu, wanda yana cikin majalisar da ta duba tsarin, ya fice daga shirin kafa NPN ya jagoranci PRP mai alamar makulli. A zaɓen 1979, wanda matan Arewa suka jefa ƙuri'a a cikinsa kamar yadda ya daɗe yana nema, PRP ta ci gwamnan Kano da Alhaji Abubakar Rimi, da na Kaduna da Alhaji Balarabe Musa, ta sami sanata 7 da 'yan Majalisar Wakilai 49. Gwamnonin nan biyu suka soke haraji da jangali, abin da NEPU ta yi kusan shekara talatin tana kuka a kansa.

Ƙuri'un Kano kuwa su suka jefa ƙasar cikin gardamar lissafi. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Alhaji Shehu Shagari ya samu a jihohi 12, amma a Kano, inda Malam Aminu ya kwashe fiye da kashi uku cikin huɗu, ya tsaya a kan kashi 19.94 cikin ɗari. Lauyan NPN, Cif Richard Akinjide, ya kawo hujjar cewa biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, saboda haka a auna ƙuri'un Shagari da biyu bisa uku na ƙuri'un Kano kaɗai. Cif Awolowo ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari ran 26 ga Satumba, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa sauran. Shekara 21 bayan haka Amurkawa ma sai da kotunsu ta raba musu gardama a kan ƙuri'un jihar Fulorida.

Raunin da ya fi yi masa zafi daga cikin gida ya fito. Rimi da Balarabe suka riƙa halartar taron gwamnoni tara masu adawa da NPN, tare da na UPN da GNPP, uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi bari, aka kore su a 1980. PRP ta dare biyu: 'yan taɓo tare da Malam, 'yan santsi tare da gwamnonin da tsohon shugaban ma'aikata Michael Imoudu. Yaran da suka tashi a zaurensa suka riƙa zarginsa da kusantar NPN a bainar jama'a, su ma 'yan taɓo ba su raga musu ba. Majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa a watan Yuni na 1981. Ran 10 ga Yuli kuma, bayan takardar tuhuma da gwamnatin jiha ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, tarzoma ta tashi, aka ƙone gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa.

Hukumar zaɓe ta FEDECO ta amince da ɓangaren Malam, ya kuma sake tsayawa takarar shugaban ƙasa, ya ɗauki mace, Uwargida Bola Ogunbo, mataimakiya. Bai ga ranar zaɓen ba. Allah ya yi masa rasuwa ran Lahadi 17 ga Afrilu, 1983, a gidansa na Gwammaja, yana da shekara 62, aka binne shi a cikin gidan. Wata huɗu bayan haka Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da Rimi, wanda ya tsaya a NPP. Gidan nan, wanda ake kira Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero, filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa kuma suna ɗauke da sunansa.