ANTHONY TROLLOPE: AKAWUN DA YA KE ƘIRGA AIKINSA MAKO MAKO

Da yawa a cikinmu, malamai da ɗalibai, muna da wani rubutu da muka fara amma ba mu gama ba. Wani tarihin ƙauyensu ne, wani wasan kwaikwayo ne, wata kuma labarin kakarta ne take so ta rubuta kafin tsohuwar ta rufe ido. Littafin yana nan a ƙasan akwati, shafi uku na farko cike, sauran fari fat. In an tambaye mu sai mu ce ba lokaci. Domin haka a bana muka ga ya dace mu kawo tarihin wani mutum wanda ya yi shekara 33 yana aikin gwamnati, duk da haka ya bar littattafan ƙagaggun labarai har 47, ban da na tafiye-tafiye da na tarihin mutane.

An haifi Anthony Trollope a Landan ranar 24 ga Afrilu, 1815. Mahaifinsa lauya ne mai ilimi, amma zafin rai ya kori masu kawo masa aiki. Ya koma noma, noman ma bai karɓe shi ba. An sa yaron a manyan makarantu biyu, Harrow da Winchester, inda 'ya'yan masu hali suke karatu. Shi kuwa tufafinsa tsofaffi ne, akwai kuma lokacin da yake taka mil 3 a cikin taɓo daga gona zuwa makaranta. Yara suka mai da shi abin ba'a, malamai suka sha dukansa. Da ya rasa aboki sai ya shiga ƙaga labari a zuci, yana ɗora shi yau da gobe har watanni. Ba wanda ya san cewa wannan zaman kaɗaici shi ne makarantarsa ta fari a sana'ar rubutu.

Darasi na biyu a gida ya same shi. Mahaifiyarsa, Frances, ta tafi Amurka neman abin rufin asiri, kasuwancin ya rushe, ta dawo hannu wofi. Sai ta rubuta littafi a kan halin zaman Amurkawa, aka buga shi a 1832, lokacin ta haura shekara 50. A 1834 bashi ya kori iyalin zuwa birnin Bruges a ƙasar Beljiyam. Can ta yi jinyar mijinta da 'ya'yanta marasa lafiya da rana, da ƙarfe 4 na asuba kuma ta tashi ta yi rubutun da ake ci da shi. Kafin rasuwarta ta rubuta littattafai kimanin 40. Anthony ya ga wannan da idonsa.

Amma gani ba shi ne yi ba. A ƙarshen 1834 ya sami aikin ƙaramin akawu a babban gidan waya na Landan, albashinsa fam 90 a shekara. Shekara bakwai da ya yi a wurin ba abin yabo ba ne. Ya yi suna wajen makara da gardama da manya. Bashin fam 12 da tela yake binsa ya faɗa hannun mai ba da rance da ruwa, ya haihu har ya wuce fam 200, mutumin kuma yakan zo ofis ya tsaya a kansa a gaban abokan aiki. A duk shekarun nan yana marmarin zama marubuci, amma ko babi ɗaya bai rubuta ba. Muna so ɗalibai su lura da wannan. Mutumin da duniya ta sani da kiyaye lokaci ba da halin aka haife shi ba. Koyonsa ya yi, da girmansa kuwa.

A 1841 aka nemi wanda zai je ƙasar Ailan ya taimaki mai duba gidajen waya. Ba mai so, shi ya ce zai je, shugabanninsa kuwa suka yi murnar rabuwa da shi. Ya sauka a wani ƙaramin gari, Banagher. Aikin na yawo ne a kan doki, kuɗin tafiya ya ƙara masa samu, ya biya basussukansa, ya zama ma'aikaci abin dogara. A 1844 ya auri Rose Heseltine. Littafinsa na farko ya fito a 1847, na biyu a 1848, na uku a 1850. Dukansu uku ba su yi kasuwa ba. Na biyun ma kofe 140 kaɗai aka sayar.

A 1851 aka tura shi yammacin Ingila ya tsara yadda wasiƙu za su riƙa kaiwa ƙauyuka. Yakan yi kusan mil 40 a rana a kan doki. A wannan lokaci ne ya ba da shawara a kafa akwatunan jefa wasiƙa a bakin titi, irin waɗanda ya gani a Faransa, aka fara da tsibirin Jersey a 1852. Aiki ya yi kyau, amma alƙalami ya kwanta. Wani ɗan gajeren labari da ya zo masa a rai a birnin Salisbury, mai suna The Warden, bai ga haske ba sai 1855, yana gab da cika shekara 40. Abin da ya samu daga littafin cikin shekara biyu na farko bai fi fam 20 da 'yan kai ba. Nan ya gane cewa in ya ci gaba da jiran ranar da aiki zai ragu, zai tsufa yana jira.

Sai ya yi wa kansa doka. Da yake yanzu yawancin tafiyarsa a jirgin ƙasa ce, ya sa aka yi masa ɗan allo da zai ɗora a cinya. Yana rubutu da fensir jirgi na gudu, matarsa kuma ta kwafe da tawada a gida. Haka aka rubuta yawancin Barchester Towers, wanda ya fito a 1857 ya fara fito da sunansa. A 1858 aka aike shi Masar kan sha'anin wasiƙu. Ruwa ya yi ta jijjiga jirgi, zuciyarsa na tashi, amma bai fasa cika shafukansa ba. A Masar ya gama wani littafi, kashegari ya fara sabo.

Bayan ya dawo Ingila da zama a 1859 sai tsarin ya kafu sosai. Ƙarfe 5:30 na safe yana kan tebur. Akwai wani tsohon mai kula da dawakinsa wanda yake ƙara wa fam 5 a shekara domin ya tashe shi ya kawo masa kofi, tsohon kuwa bai taɓa makara ba. Rabin sa'a na farko yakan karanta abin da ya rubuta jiya, domin kunnensa ya kama muryar labarin. Sa'an nan ya ajiye agogo a gabansa, yana neman kalma 250 a kowane minti 15. Bayan sa'a uku ya tashi, ya karya kumallo, ya tafi aikin gwamnati. Da sanyin safiya ake kama fara.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne littafin lissafinsa. Duk sa'ad da zai fara sabon aiki, sai ya ja layuka ya raba kwanakin mako mako, ya yanka wa kansa yawan shafin da zai cika a kowane mako. Kullum yana rubuta abin da ya yi. Shafi a wurinsa kalma 250 ne, yana kuma ƙirgawa. Yawanci yakan yi shafi 40 a mako. Akwai makon da ya yanka 20 kawai, akwai wanda ya kai 112. In ya yi sakaci kwana biyu, giɓin yana nan a takarda yana kallonsa, dole ya biya kafin mako ya ƙare. Wato mako ne ma'auninsa. Rana guda tana iya ɓaci saboda baƙo ko ciwo, amma mako ba ya wucewa ba lissafi.

Kada mu ɗauka mutum ne wanda ya kulle kansa a ɗaki. Yana son farauta a kan doki, yana son hira da abokai, ya ma tsaya takarar majalisa a 1868 ya faɗi. Da yake ya riga ya ba rubutu rabonsa, sauran yinin nasa ne ba tare da damuwa ba. Ya bar gidan waya a 1867. A 1871, a hanyarsa ta zuwa Ostareliya ganin ɗansa, ya sa aka kafa masa tebur a ɗakinsa na jirgin ruwa, ya rubuta littafi sukutum kafin su sauka. A 1877 ya ziyarci Afirka ta Kudu, ya kuma rubuta littafi a kanta. Ya rasu a Landan ranar 6 ga Disamba, 1882, bayan shanyewar jiki, yana da shekara 67.

A 1883 aka buga tarihin rayuwarsa da ya rubuta da hannunsa. A ciki ya bayyana agogon, da littafin lissafin, da kuɗin da rubutu ya kawo masa, kusan fam 70,000. Ya kuma kwatanta marubuci da baduku, wanda ba ya zama jiran sai ransa ya so kafin ya ɗinka takalmi. Wannan ya ɓata wa waɗansu masana rai. A ganinsu hikima baiwa ce, ba a auna ta da mudu. Maganarsu ba ta rasa gaskiya ɗungum ba, gama ba dukan littattafansa 47 ne suka yi armashi ba, agogo kuma ba ya sa wa mutum basira. Amma har yau ana buga mafi kyawunsu ana karantawa. Baiwar da ba a ba ta lokaci ba kuwa, a cikin kai take mutuwa, ba mai sanin an yi ta.

To, ina namu rabon? Gaskiya ne safiyarmu ta Litinin zuwa Jumma'a ba tamu ba ce. Akwai shara, da taron safe, da aji, malamai kuma ga tulin littattafan dubawa. Amma akwai Asabar. Bayan wanki da gyaran ɗaki, sa'a biyu ba za su gagara ba. Mu yi lissafi irin na Trollope. Wanda ya cika shafi biyu kacal kowace Asabar, ya tsallake makonni 12 saboda jarrabawa da rashin lafiya da hidimar gida, zai ƙare shekara da shafi 80 a hannu. Abin da Trollope yake yi cikin rabin sa'a ke nan a kowane zama, don haka ba mu ɗora wa kanmu kayan da ya fi ƙarfinmu ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Abubuwa uku za mu aro daga gare shi. Na ɗaya, a sa wa lokacin suna: rana kaza, ƙarfe kaza, wuri kaza, a kuma rufe waya. Na biyu, a ja layi a bangon littafi a riƙa rubuta abin da aka yi kowane mako, ko da sifili ne, domin takarda ba ta jin kunyar faɗa mana gaskiya. Na uku, a sami mai tashinmu. Ba mu da fam 5 na biyan mai doki, amma aboki ɗaya da zai tambaye mu ran Lahadi da yamma ko shafi nawa muka yi ya isa.

Ku da kuke barinmu a bana, aiki da iyali za su cinye kwanakinku fiye da yadda makaranta ta yi. Tsofaffin da suka san tarihin garuruwanmu kuwa ba za su jira mu sami hutu ba. A fito da littafin nan daga ƙasan akwati, a kaɗe ƙurar, a buɗe shafi na huɗu ran Asabar mai zuwa.