Erskine Childers: Marubucin labarin leƙen asiri da aka zarga da leƙen asiri

Da safiyar ranar 24 ga Nuwamba, 1922, a barikin Beggars Bush da ke birnin Dublin, wani mutum mai shekara 52 ya bi sojojin da aka jera domin su harbe shi, yana miƙa wa kowannensu hannu suna gaisawa. Mutumin shi ne Erskine Childers, marubucin littafin The Riddle of the Sands, wanda ake lissafawa cikin ƙagaggun labaran leƙen asiri na farko a harshen Ingilishi.

An haife shi a Landan ranar 25 ga Yuni, 1870. Mahaifinsa Baturen Ingila ne, masanin harshen Pali, mahaifiyarsa kuwa 'yar gidan Barton ce ta ƙasar Ireland. Yana da shekara 6 tarin fuka ya yi ajalin mahaifin, sai dangin uwa suka ɗauki riƙonsa a gundumar Wicklow. Ya yi karatu a Jami'ar Cambridge, a 1895 ya zama akawu a Majalisar Dokokin Birtaniya, a 1900 kuma ya tafi yaƙin Boer a Afirka ta Kudu, yana mai cikakken imani da daular Birtaniya.

Babu abin da yake ƙauna kamar tuƙa ƙaramin jirgin ruwa. A 1897 ya ratsa tsibiran Frisia da ke gaɓar Jamus, inda rairayi ke bayyana idan ruwa ya janye. Daga wannan tafiya ya samo littafinsa, wanda ya fito a 1903, lokacin da Birtaniya da Jamus ke rige-rigen ƙera jiragen yaƙi. Labarin wasu samari biyu ne, Carruthers da Davies, da suka bankaɗo shirin Jamus na mamaye Ingila ta cikin waɗannan mashigai. Mugun labarin, Dollmann, tsohon hafsan sojan ruwan Birtaniya ne da ya koma yi wa Jamus aiki. Childers ya haɗa da taswirori da lissafin cikar ruwa da janyewarsa, abin da ya sa jama'a suka karɓi littafin a matsayin gargaɗi ga hukuma.

Sannu a hankali ra'ayinsa ya karkata ga neman 'yancin Ireland. A watan Yulin 1914, shi da matarsa Molly, 'yar birnin Boston a Amurka, suka yi fasa-ƙwaurin bindigogi 900 da aka sayo daga Jamus, suka sauke wa dakarun sa-kai na Ireland a tashar Howth cikin jirginsu mai suna Asgard. Duk da haka, da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, rundunar ruwan Birtaniya ya yi wa aiki, har aka ba shi lambar yabo.

Bayan yaƙin ya tare a Dublin, ya zama mai yaɗa manufofin 'yan gwagwarmaya. Shi ne sakataren tawagar da ta je Landan ta ƙulla yarjejeniyar Disambar 1921, amma ya ƙi amincewa da ita, domin ta bar Ireland ƙarƙashin rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila. Da saɓanin ya rikiɗe zuwa yaƙin basasa, sai ya rasa tudun dafawa. Turawan Ingila na ganinsa maci amana, wasu 'yan Ireland kuma na zargin ɗan leƙen asirin Birtaniya ne, alhali babu hujjar da aka taɓa kafawa.

An kama shi ranar 10 ga Nuwamba, 1922, a gidan da ya tashi, da wata ƙaramar bindiga da Michael Collins ya ba shi kyauta tun suna tafiya tare. Kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, aka zartar tun ba a saurari ƙarar da ya ɗaukaka ba.

Kafin a harbe shi, ya ɗauki alƙawari daga ɗansa mai shekara 16 cewa zai nemi duk wanda ya sa hannu a takardar hukuncin ya gaisa da shi. Wannan ɗa, Erskine Hamilton Childers, shi aka zaɓa shugaban ƙasar Ireland na huɗu a 1973.