Robert Noyce, Wanda Ya Dunƙule Lantarki a Ƙwayar Silikon

Mai gyaran kayan lantarki a Kakuri ko Barnawa ya san ranar da aiki ke tsayawa cik. An kawo masa tsohuwar kwamfuta, ya gano cewa ai-si guda ne ya ƙone, wato ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu jere, amma kamfanin da ya yi shi ya daina yi tun da daɗewa. Ai-si kuwa ba a buɗe shi a gyara, sai dai a canza. Wannan hali ya samo asali ne daga aikin Robert Noyce.

An haifi Noyce ranar 12 ga Disamba 1927 a Burlington ta jihar Iowa a Amurka, mahaifinsa limamin coci ne. A kwalejin Grinnell ya fara ganin taransista a hannun malaminsa Grant Gale, tun tana sabuwar ƙirƙira. Saura ƙiris ƙuruciya ta yanke masa karatu, domin ya saci alade don liyafar ɗalibai, aka dakatar da shi zango guda. Ya dawo ya kammala, ya kuma sami digirin digirgir a MIT a 1953.

A 1956 ya koma aiki da William Shockley a Kalifoniya, amma zaman bai yi daɗi ba. Shekara guda bayan haka shi da abokan aiki bakwai suka fice, suka kafa Fairchild Semiconductor. A lokacin, da hannu ake haɗa kowace taransista da waya da dalma, kuma kowace mahaɗa wurin lalacewa ce. A Janairun 1959 Noyce ya tsara yadda za a ƙera sassan duka a kan ƙwayar silikon ɗaya, a shimfiɗa siraran hanyoyin ƙarfe a samanta maimakon waya. Jack Kilby na Texas Instruments ya riga shi da 'yan watanni, sai dai nasa da jamaniyam ne da wayoyi a waje. Tsarin Noyce ne ya yiwu a buga da yawa.

A ganina basirarsa ta kasuwanci ta kusa kamo ta kimiyya, kuma 'yan kasuwa za su gane ta. Ya karya farashin ai-si har ƙasa da kuɗin yinsa, yana lissafin cewa yawan masu saye zai rage tsadar ƙira. Lissafin ya fita. A 1968 shi da Gordon Moore suka kafa Intel, wanda ya fitar da 4004 a 1971, sannan 8088 da IBM ya sa a kwamfutarsa ta 1981.

Sai dai arahar da saurin sabuntawa su ne ke mayar da na jiya marayu. Intel ya rufe ƙirar 386 da 486 a 2007. Mai neman irinsu yau sai ya ciro daga allon matacciyar na'ura, yana narka dalma a hankali kada zafi ya kashe shi, ko ya yi oda daga waje, inda ake samun masu goge lambar wani ai-si su buga wata a kai.

Noyce ya rasu da ciwon zuciya ranar 3 ga Yuni 1990 a Austin ta jihar Texas, yana da shekara 62. Da aka ba Kilby kyautar Nobel a 2000 saboda wannan ƙirƙira, Noyce ya shekara goma a ƙasa, kyautar kuwa ba a ba mamaci.