George Boole: Ɗan Mai Ɗinkin Takalmi da Ya Koya wa Kwamfuta Tantancewa

Duk wanda ya taɓa rubuta umarnin SQL ya yi aiki da dabarar George Boole, ko ya san shi ko bai sani ba. Ni dai tarihinsa ne ya fi jan hankalina.

An haife shi a garin Lincoln na Ingila a 1815. Mahaifinsa mai ɗinkin takalmi ne, kamar dai dukawanmu na cikin birni. Da sana'ar uban ta karye, sai Boole ya kama koyarwa yana ɗan shekara 16 don ya riƙe gida. Yana da 19 ya buɗe makarantarsa. Manyan littattafan lissafi kuwa shi ya koya wa kansa.

A 1849 aka naɗa shi farfesan lissafi na farko a Kwalejin Sarauniya da ke Cork, ƙasar Ayalan, alhali ba shi da digiri ko ɗaya. A 1854 ya fitar da littafinsa The Laws of Thought, inda ya mayar da hujja lissafi: gaskiya 1, ƙarya 0.

Ga yadda abin yake. A ce ana neman ɗalibai mata, 'yan aji biyu, mazauna Yakasai. Kowane sharaɗi 1 ne ko 0, AND kuma tamkar ninkawa ce. Sharaɗi ɗaya ya faɗi, sunan ya fita. Amma fa a kula: in aka ce kawo 'yan Yakasai da Mandawari, OR ake nufi. Ka sa AND, wallahi ko mutum ɗaya ba za ka gani ba, don ba layin da unguwarsa biyu.

Boole bai ga kwamfuta ba. Ruwan sama ya yi masa duka a hanyar zuwa aji, ya koyar da jiƙaƙƙun kaya, ciwon huhu ya kama shi, ya mutu a Disamba 1864 yana da shekara 49. Sai a 1937 Claude Shannon ya nuna cewa lissafinsa na aiki a wayoyin lantarki, a 1970 kuma Edgar Codd na IBM ya kawo tsarin adana bayanai a tebur-tebur.

'Yan uwa, na san yadda gorin HND da digiri ke ci mana rai. Haƙƙinmu ne mu ci gaba da neman daidaito. Amma kafin nan, mu iya aikin sosai, yadda mai gorin da kansa zai zo nema.