Marko Polo (1254–1324), Baƙon Fadar Shangdu

An haifi Marko Polo a birnin Venis na ƙasar Italiya a shekara ta 1254. Mahaifinsa Nikolo da baffansa Mafeyo fatake ne, kuma fatauci ya kai su har gaban Kublai Khan, babban sarkin Mongol. Sa'ad da za su komo gida, sarkin ya ba su saƙo zuwa ga Paparoma, yana roƙon a aiko masa da masana Kirista 100 da za su bayyana bangaskiyarsu a fadarsa, da kuma mai daga fitilar Kabari Mai Tsarki na Urushalima.

A 1271 suka sake kama hanya, wannan karon tare da Marko, yana ɗan shekara 17. Paparoma Giregori na Goma ya ba su wasiƙu, amma firistoci biyu kaɗai aka samu, 'yan ƙungiyar Dominikan. Su ma da suka ji labarin yaƙi a gaba, sai suka juya. Fataken uku ne suka ci gaba da man da wasiƙun, suka ratsa Farisa da tsaunukan Pamir da hamada, har suka isa Shangdu wajen 1275.

Shangdu ita ce inda sarki yake zama lokacin zafi, kimanin kilomita 350 arewa da birnin Bejin na yau. Wani masani ɗan Sin, Liu Bingzhong, shi ya tsara ta a 1256 bisa al'adar biranen Sin, mai kusurwa huɗu, ganuwa cikin ganuwa. Amma sarki bai manta shi jikan makiyaya ba ne. Marko ya ba da labarin fadar dutsen marmara mai ɗakuna da adon zinariya, da makeken dajin farauta da aka kewaye da katanga. A cikin dajin akwai wata fada ta gora, wadda igiyoyin siliki fiye da 200 suke riƙe da ita, ana iya kwance ta a ɗauke kamar tanti. Akwai kuma garken fararen goɗiyoyi, waɗanda ake yayyafa nononsu a ƙasa a ƙarshen watan Agusta kafin sarki ya tashi.

Kublai ya karɓi man da girmamawa, ya kuma ɗauki saurayin aiki. Shekara 17 Marko ya yi yana yi masa hidima. A ƙarshe suka raka wata gimbiya ta jirgin ruwa zuwa Farisa, suka isa Venis a 1295. Bayan 'yan shekaru mutanen Jenowa suka kama shi a yaƙi. A kurkuku ne ya faɗi abin da ya gani, wani ɗan sarƙa mai suna Rustikelo yana rubutawa. Da aka sake shi a 1299 ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata uku. Ya rasu a watan Janairu 1324, bayan ya 'yanta bawansa Bitrus cikin wasiyyarsa.

Masana 100 ɗin nan ba su taɓa zuwa ba. Sai a 1294 Yohanna na Montekorbino, ɗan ƙungiyar Faransiskan, ya isa Sin, ya tarar Kublai ya riga ya rasu. Shangdu kuwa sojojin daular Ming suka rushe ta a 1369, kufanta ne UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2012. Ƙofa ta buɗe wa Bishara a wannan fada, amma masu shiga suka yi kaɗan.