Muhammad Rafi: Mawaƙin da Muryarsa Ta Ƙi Tsufa

A filin tarihin mashahurai na wannan mako mun leƙa ƙasar Indiya. Ku tambayi dattawan da suka kalli finafinan Indiya a gidajen sinima na Kano, da wuya a sami wanda bai san muryar Muhammad Rafi ba.

An haife shi ranar 24 ga Disamba, 1924, a ƙauyen Kotla Sultan Singh da ke yankin Punjab. Tun yana yaro yake kwaikwayon wani mabaraci mai yawo yana waƙa. Daga baya danginsa suka koma Lahore, a 1944 kuma ya tafi Bombay, wato Mumbai ta yau, neman sa'a.

Aikinsa shi ne waƙa a bayan fage: shi zai rera, jarumi kuma ya motsa baki a fim. Tauraronsa ya haska a 1952 da fim ɗin Baiju Bawra, wanda Naushad ya tsara kiɗansa. Ya rera dubban waƙoƙi, ya ci kyautar Filmfare sau 6, gwamnati kuma ta ba shi lambar girma ta Padma Shri a 1967.

A farkon shekarun 1960 saɓani ya shiga tsakaninsa da mawaƙiya Lata Mangeshkar. Ita tana ganin duk lokacin da aka sayar da faifai, mawaƙi yana da kaso a cikin cinikin. Shi kuwa yana ganin idan an biya mutum ladan aikinsa, magana ta ƙare. Sun ɗauki shekaru ba sa waƙa tare kafin su shirya.

Rafi ya rasu ranar 31 ga Yuli, 1980, sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 55. Amma kasuwar waƙoƙinsa ba ta mutu ba. Daga faifan garmaho aka juye su a kaset, sannan faifan CD, yau ga su a waya. Kafin a sake fitar da tsohuwar waƙa, masana sauti sukan tace ta da kwamfuta, su rage ƙarar tsufa, muryar ta fito tangaran. A 2004 an sake fitar da fim ɗin Mughal-e-Azam na 1960 da launi, aka sabunta kiɗan, aka bar muryoyin mawaƙan na asali, har da ta Rafi. A 2017 kamfanin Saregama ya fito da akwatin Carvaan mai ɗauke da tsofaffin waƙoƙi 5,000, nasa na ciki.

Sai a 2012 Indiya ta gyara dokar haƙƙin mallaka ta amince mawaƙa ma suna da rabo, shekara 32 bayan rasuwarsa. Don haka marubuta da mawaƙan makarantarmu, kafin ku sayar da aikinku ku karanta yarjejeniya da kyau, domin aikin kirki yakan fi mai shi tsawon rai.